Ƙarfen da Arzika Ya Ɗauka Kafin Damina

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Arzika, makaniken motoci a Filinge, Allah Ya jiƙansa. Kowace shekara in watan ya kama nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Ba rashin abin faɗi ba ne. Shekara ukun ƙarshe na rayuwarsa ba ma magana, ni na yanke maganar, kuma a kan wani guntun ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Har watan jiya ban san ko ni na zalunce shi ko shi ya zalunce mu ba. Amsar tana kulle a cikin motarsa, motar tana ƙofar gidana, ni nake tuƙa ta, amma na kasa cewa a buɗe.

Wanda bai san Arzika ba, bari in kwatanta masa. Dogo ne marar magana. Bai yi lekol ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya, ni aka kai, shi ya sa har na fara furfura "ɗan lekol" yake kirana. Garejinsa wata rumfa ce a bayan tasha, aikinsa kuma buwat, wato akwatin nan na ƙarƙashin mota mai ɗauke da bitesi, giya ke nan, tun daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Inji bai dame shi ba. Yakan ce inji ƙarfi kawai gare shi, hankalin mota yana cikin buwat. In aka kawo masa mota tana kuka, sai ya ɗauki sanda, ya dafa kai ɗaya a jikin akwatin, ɗaya a kunnensa, ya rufe ido. Faya-fayan ƙarfen nan masu haƙora da ke ciki, waɗanda suke kira pinyo, da babban yatsa yake ƙirga haƙoransu ba tare da ya duba ba. Ni da nake koyar da lissafi na sha bin bayansa da alli ina sake ƙirgawa don in kama shi da kuskure, ban taɓa dacewa ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne motocin da ake kawo mana ba don ƙasarmu ta Kurfai aka yi su ba. Mu hanya biyu gare mu, rairayin gonaki da kwalta mai zuwa Yamai. Yana da bashe, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da ake jigilar dammunan hatsi da ita. Ta ɗayarta ba ta da ƙarfin tashi da kaya cikin rairayi. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai rata babba, kafin ka fita daga wannan ka kama waccan mota ta nutse. In ka hau kwalta kuma ta huɗu ce ƙarshe, inji yana ihu yana shan mai. Sai ya gano cewa motoci da dama gidansu ɗaya, akwatin iri ɗaya ne, haƙoran ciki ne suka bambanta. Daga nan ya shiga tara matattun buwat yana farkewa. Ta ɗaya da ta biyu ya ciro su daga tsohuwar motar wani furoje, wato shirin agaji na haƙa rijiyoyi. Ta biyar, har da murfin bayanta, daga ƙaramar motar wani ma'aikaci da injinta ya ƙone. Ta uku ce ta gagare shi. Ya fi shekara yana nema, duk wadda ya samu ya shafa ta da yatsa ya ce ba ita ba ce.

Ana cikin haka Innarmu ta rasu. Za ta Tabla barkar haihuwa ne, cikin motar fasinja, da hantsi. Akwai wani gangare kafin a kai, a ƙarshensa inda ƙasa ta daidaita wani gawo yana tsaye gefen hanya. Motar ta ƙwace a gangaren, ta wuntsila, sai a gindin gawon ta tsaya. Mutum huɗu suka rasu, har da Inna. Direban ya rayu, kuma abin da ya yi ta faɗa shi ne yana sauka da ta uku don ta riƙe masa motar, sai ta fita da kanta, burki kuma bai ɗauki nauyin ba. Lokacin ina koyarwa can wajen Tawa, sai bayan an rufe ta na iso.

Masu gareji a wajenmu suna da wata al'ada da ba a littafi take ba. Motar da ta ci rai ba a taɓa ko ƙusa a jikinta sai damina guda ta wanke ta. Malamai ba su ce a yi ba, ba su kuma hana ba, har masu tsintar ƙarfe suna kiyayewa. To, ko sadakar arba'in ba a yi ba wata mata mai ɗibar itace ta wuce ta gindin gawon nan da rana tsaka, ta ga ƙafafun mutum biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motar. Ta ɗauka gawa ce aka manta ba a ciro ba. Ta yar da itacen ta yi gudu, sai da ta waiwaya ta ga ƙafafun sun motsa, Arzika ya fito da wani abu naɗe cikin buhu. Kafin ranar kasuwa ta zagayo babu wanda bai ji ba.

Na same shi a rumfa, buwat a buɗe gabansa.

"Yaya, an ce an gan ka ƙarƙashin motar Inna."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗan lekol, zaka ka gani. Ta biyu tana nan, ta ukku tana can nesa. Wagga kuwa haƙoranta sun hi yawa, kusa take. Ita ta nika biɗa."

"Ba lissahi nit tambaye ka ba. Ƙarhen motar da tak kashe uwarmu na, ko ba shi na ba?"

Ya shafa pinyon da yatsa, ya ce, "Ƙarhe na."

Iyakar amsar da na samu ke nan. Raina ya ɓaci ɓacin da ban taɓa yi ba. Na gaya masa ya mai da mutuwar Inna kasuwar kayan mota, na ce kwaɗayi ya kashe masa zuciya, na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a jarida ba. Daga ranar sai sallama kawai tsakaninmu, ita ma don a fita haƙƙin addini. Shekara ta zagayo aka dawo da ni aiki gida, muna sallar Juma'a sahu ɗaya, ina ganinsa ina kau da kai. Ni mutum ne mai riƙo, na sani, ƴan ajina ma sun sani.

Motar kuwa ta yi kyau, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba. Tana tashi da kaya cikin rairayin da manyan motoci ke kafewa, tana shiga ta uku ba ta ko tari, a kwalta kuma ka ji injin ya kwantar da murya. Amma wani abu ya sa mutane suka riƙa kallonta ta wutsiyar ido. Arzika ba ya ɗaukar kowa. Hatsi zai ɗauka, itace zai ɗauka, tumaki zai ɗauka, mutum kuwa a'a, ko matarsa Hajo, ko ƴaƴansa. A ƙasar da mota ba ta wuce mai tafiya ƙasa, wannan abin magana ne. Kuma kusan kowane mako sai ya bi hanyar Tabla shi kaɗai, ko da kaya ko babu. Wasu suka ce rowa ce. Wasu suka ce kujerar gefensa ba fanko take ba, shi ya sa babu wurin kowa. Ni na ce alhaki ne ke bin sa, kuma na ji daɗin faɗin haka.

Wata safiya, kusan shekara uku da fara gabarmu, na ji odar mota a ƙofar gida. Na fito na gan shi zaune a motar, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar gefe.

"Shigo in kai ka Tabla mu komo."

Na ce masa ƙafata ba za ta taka motar nan ba, ko gawata ce kada a sa. Ya dube ni, fuskarsa a sake, irin yadda ban gan ta ba tun rasuwar Inna. Ya bar ƙofar a buɗe har sai da na ji kunyar maƙwabta. Sannan ya ce "To," ya jawo ta ya tafi. Bayan sati biyar zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah Ya karɓi abinSa. Na yi masa wanka, na shiga kabarin na karɓe shi, amma maganar ƙarshe da ya ji daga bakina ita ce waccan.

Babu wanda ya yarda ya sayi motar. Ta yi wata shida a tsakar gidan Hajo, kaji na kwana ƙarƙashinta. Da kaka ta yi, hatsin gonar gado yana can daji, ƴaƴansa bakwai suna jiran ci, Hajo ta aiko mini da makulli ba tare da saƙo ba. Haka na shiga motar da na rantse ba zan shiga ba, na yi kaffarar rantsuwata. Kan sandar bitesin ba na kamfani ba ne, guntun ƙotar hauya ne ya sassaƙa ya sa, kuma yatsunsa sun riga sun yi masa gurbi. Hannuna bai taɓa zama daidai a kai ba.

Gonarmu tana bayan Tabla, dole in bi ta gangaren. Ranar farko na sauka da ta uku kamar kowa, ta riƙe ni sarai har ƙasa. Ina kaiwa daidai gawon, inda hanya ta miƙe babu hawa babu sauka, sai na ji inji ya yi sama, mota ta saki. Sandar ta koma tsakiya. Na mai da ita da sauri na taka wuta, ban ko waiwaya ba. Na ce tsohon ƙarfe ne. Amma zuwa na biyu haka, na uku haka. Ƙasarmu tana da gangaren da suka fi wannan muni, can wajen duwatsu, na bi su duka da kaya, ba ta taɓa fita ba. Sai a nan kaɗai, kuma koyaushe da rana fayau, babu duhun da zan ɗora wa laifi.

Wata rana na ce yau sai na gani da idona. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na zuba wa sandar ido. Buwat ɗin da ta lalace tana tofar da bitesi ne da ƙarfi, ƙwas, har ta bugi hannun mutum. Wannan ba haka ta yi ba. A hankali ta taho, ta zauna a tsakiya, yadda mai mota ke fitar da ita in ya iso gida. Ni malamin lekol ne, kuma Musulmi, na san wanda ya tafi ba ya dawowa tuƙin mota. Duk da haka ranar ban daina addu'a ba sai da na iso gona.

Na ce ƙila ni ne, ƙila ƙafata ce ke sanyi in na hango itacen. Shekarar da aka yi mini aikin ido na ba wani direba ɗan Dogon Dutsi motar, mutumin da bai taɓa taka ƙasarmu ba, ban gaya masa kome ba. Da ya dawo da hatsin ya miƙo mini makulli ya ce, "Malam, motarka lahiya lau, amma akwai wani gawo da taka son tsayawa. Wani naka na can?" Na ce babu kowa. Tun daga nan ban sake ba wani ita ba, kuma ban taɓa tsayawa a wurin ba, ko sau ɗaya cikin shekara goma.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garejin yau. Yanzu ba a farke buwat, in ta yi kuka a cire ta gaba ɗaya a sa wata da aka kawo daga bakin teku. Samarin makanikai waya ce a hannunsu, suna kallon baturen da ke kwance ƙusa suna bin sa. Ba na zaginsu, suna ci da iyalinsu. Akwai ma motocin da ba su da sanda ko kaɗan, su ke zaɓa wa kansu bitesi. Na tabbata da Arzika yana raye zai zagaya irin wannan sau biyu ya ce an cire wa direba hannu an bar masa ƙafa. Hanya ma ta canja. Ba ta da lafiya irin ta da, kowa yana tafiya da rana yana sauri ya shiga gari, ba mai tsayawa gindin itace ya sha iska. Wannan ya ƙara ba ni hujja, in sandar ta fita sai in ce ai ba lokacin tsayawa ba ne.

Watan jiya ta ɗaya ta fara ƙin shiga, sai na yi kokawa da ita. Kaka ta gabato, babu yadda zan yi. Mutum ɗaya ya rage a garin da zai iya taɓa aikin Arzika, shi ne Tinni, wani tsohon Bazabarme da suka yi shekaru suna aiki rumfa ɗaya. Idonsa ya yi rauni, amma shi ma da yatsa yake gani.

"Fofo, Malam Idi," ya gaishe ni da Zabarmanci da ya gan ni. "Na daɗe ina jiran wagga rana."

Ya shimfiɗa buhun hatsi a ƙasa, ya riƙa ciro kayan yana jerawa. Kowane ƙarfe Arzika ya buga masa ɗigo don ya san asalinsa. Ɗigo ɗaya na bashe ne, biyu na motar furoje, uku na motar ma'aikacin. Tinni ya ɗauko ta uku, ya wanke ta da mai, ya sa mini a hannu. Ba ta da ɗigo. A gefenta akwai wata ƴar alama kamar sawun kaza, ta tsufa, da ƙyar ake ganinta. Na san alamar. Ita yake yi wa duk ƙarfen da ya sa a motar wani, don in an dawo masa da ƙorafi ya gane aikinsa.

"Ita ta," in ji Tinni. "Ta motar da Innarku tash shiga. Alamar ga kuwa ta riga haɗarin. Kwana tara kahin abin, shi yab buɗe buwat ɗin motar nan, mai motar yak kawo wagga pinyo, Arzika yas sa ta da hannunai."

Na zauna a ƙasa. Tinni ya ci gaba a hankali. Ya ce da direban ya ce ta uku ce ta fita, Arzika ya daina cin abinci. Ya kasa jiran damina saboda ruwa zai sa tsatsa, tsatsa kuma za ta ɓoye gaskiya. Ya ciro ta ya duba bai ga aibu ba, amma bai yarda da idonsa ba, don ido yana son ya wanke mai shi. Sai ya sa ta cikin motarsa, ya riƙa sauka gangaren nan da ita, da kaya da babu kaya, ya ce in aikinsa ne ya kashe Inna to ta fita da shi kaɗai a ciki. Dalilin ƙin ɗaukar mutane ke nan.

"Ta taɓa hita?" na tambaya.

"Ko so guda. Shahwa ka ji, har yau haƙoranta kamar jiya anka yi su. Direbobinmu kan hidda mota daga bitesi ga gangare don kada su sha mai. Ko direban nan yay yi haka, ko ba shi yi ba, shi ma ya mutu daga baya, Allah kaɗai Ya sani. Amma ba aikin yayanka na ba."

"Mi yas sa ba ka hwaɗa mini ba?"

"Ba ka tambaya ba. Shi ko ya hana. Ya ce ba shi buɗa baki sai ya tabbata, kuma in ya tabbata kai za ya hwara ɗauka."

Nan na yi kuka, gemai-gemai da ni, a bayan tasha, masu shayi suna kallo. Ashe ƙofar nan da ya buɗe mini ita ce amsar da na nema shekara uku, na tsaya a kanta na zage shi.

Da na natsu na gaya wa Tinni abin da sandar ke yi a gindin gawo. Bai yi mamaki ba. Ya ce duk saukar da Arzika zai yi, in ya kai ƙasa lafiya, da hannunsa yake fitar da ita daidai itacen, ya bar motar ta gangara ta tsaya, ya karanta wa Inna abin da ya sawwaƙa. Ya nuna mini furshet, ƙarfen da ke tura pinyo ya riƙe ta, ya ce ya ci, kuma in ya ci haka mota kan saki da an ɗaga ƙafa daga wuta. Na ce to, ƙarfe ya ci, na yarda. Amma ƙarfe ya san gawo? Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya ce shi makanike ne, abin da ya ci yake canjawa.

Ya tambaye ni ko a nemo wata ta uku. Na ce a'a, a canja furshet da abin da ya hana ta ɗaya shiga, sauran a mai da su yadda ya bar su.

Ranar Talatar da ta wuce na bi hanyar Tabla, da hantsi. Na sauka gangaren da ta uku, na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina jira. Shekara goma ina tsoron abin nan, ranar kuwa jiransa nake kamar mai jiran baƙo. Na iso gawon. Sandar ba ta motsa ba. Motar ta riƙe bitesinta tsaf, tana shirin wucewa kamar kowace mota, sai na ji wani irin kaɗaici da ban ji ba ko ranar da muka rufe shi.

Mai karatu zai tambaya me ya rage na Arzika. Rumfar an rushe ta, masu sayar da waya ne a wurin. Hotonsa ɗaya ne, na katin ɗan ƙasa. Abin da ya rage shi ne akwatin ƙarfe da ya haɗa daga motoci huɗu, wanda har yau yake kawo wa ƴaƴansa hatsi, da kuma halin mutumin da ya gwammace a zage shi shekara uku da ya ce ba laifinsa ba ne alhali bai tabbata ba. Yafiyarsa kuwa ba ni da hanyar samunta a duniya, sai dai in roƙi Allah Ya isar masa.

Na sa hannu a kan ƙotar hauyar nan na fitar da ita da kaina. Motar ta gangara ta tsaya a inuwa, tayoyinta suka sami wani gurbi a gefen hanya da ban taɓa lura da shi ba. Na kashe inji. Na fito, na zagaya, na buɗe ƙofar gefe na shiga na zauna. Na karanta wa Inna, na karanta masa, na bar ƙofar a buɗe har rana ta take tsaka.